Ofis na Haya: Yadda Birane Ke Miƙa Takardunsu ga Google da Microsoft

A ƙarshen watan Oktoban 2009, kansilolin birnin Los Angeles da ke jihar Kalifoniya a Amurka suka zauna kan wata magana da a can baya ba ta isa ta tara 'yan jarida ba, wato imel ɗin ma'aikata. Ma'aikatan birnin kusan 30,000 suna aiki ne da wata manhaja mai suna GroupWise ta kamfanin Novell, wadda ta kwana biyu, ana kukan tana da nawa kuma tana yawan cijewa. Ga shi aljihun birnin ya yi ƙasa, domin karayar tattalin arzikin 2008 ba ta sake su ba. Sashen fasahar sadarwa na birnin, a ƙarƙashin Randi Levin, ya kawo shawarar a daina wahala da tsohuwar manhajar, a kwashi saƙonni da kalanda da takardun aiki a kai wa Google ya riƙe.

Kamfanin Microsoft bai zauna ba. Wakilansa da na Google sun yi ta safa da marwa a ofisoshin kansiloli, kowa na tallar hajarsa yana kushe ta ɗan'uwansa. Da aka zo ƙuri'a, duk kansilolin da ke zauren suka amince, babu ko ɗaya da ya ja. Kwangilar ta dala miliyan 7.25 ce, an tsara ta kan shekara 5, kuma wani kamfani mai suna Computer Sciences Corporation ne zai tsaya a tsakani ya yi aikin kwasar kaya. Los Angeles shi ne birni na biyu mafi girma a Amurka, saboda haka magadan gari da ma'ajin ƙananan hukumomi a ko'ina suka zuba ido su ga yadda za ta kaya.

Kafin a kai ga yadda ta kaya, yana da kyau a fahimci abin da aka saya.

A tsohon tsari, hukuma takan sayi lasisin manhaja sau ɗaya, a ɗora ta a kan kowace kwamfuta. Saƙonnin imel da fayiloli kuwa suna zaune a cikin wasu manyan kwamfutoci da ake kira uwar garke, a wani ɗaki mai sanyi a cikin sakatariya. Ɗakin nan yana cin wuta dare da rana, yana buƙatar na'urar sanyaya wuri da janareto da injiniyoyin da za a tasa cikin dare idan wani abu ya tsaya. Bayan shekara huɗu ko biyar injinan sun tsufa, a sake kai kuka majalisa a nemi kuɗin sababbi. A sabon tsari, wanda 'yan fasaha ke wa laƙabi da gajimare, babu wannan ɗaki. Manhajar rubutu da ta lissafi da imel da wurin taro ta bidiyo duk suna zaune a cibiyoyin adana bayanai na kamfanin, wasu manyan gine-gine cike da injina, sau da yawa a wata jiha ko wata ƙasa. Ma'aikaci ya buɗe intanet, ya sa sunansa da kalmar sirri, ya tarar da aikinsa inda ya bar shi, ko a ofis yake ko a gida ko a kan waya. Hukuma kuma ta riƙa biya kan kowane ma'aikaci, duk wata ko duk shekara.

Abin da ya sauya a nan ya wuce fasaha. A da birni mai gida ne, ko da gidan na yoyo. Yanzu ya zama ɗan haya a gida mai kyau, wanda mai shi ke gyara rufi da biyan maigadi, amma shi ke yanka kuɗin haya, kuma akwai makulli guda a hannunsa.

Lissafin farko yana da daɗin ji. Google yana karɓar dala 50 ne a shekara kan kowane mutum a lokacin. Birnin Washington ya riga Los Angeles: a 2008 shugaban sashen fasaharsa, Vivek Kundra, ya ƙulla yarjejeniya da Google don ma'aikata kusan 38,000. Shekara na zagayowa Shugaba Barack Obama ya ɗauko shi ya ba shi jagorancin harkar fasahar sadarwa ta gwamnatin tarayya baki ɗaya, inda ya fito da manufar cewa kowace ma'aikata ta fara duba tsarin gajimare kafin ta sayi injin kanta. Microsoft, da ya ga ana neman cin kasuwarsa, ya mayar da martani da sauri. A Oktoban 2010 magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya sanar da yarjejeniya da Microsoft da ta shafi ma'aikata kusan 100,000, ya ce za ta rage wa birnin dala miliyan 50 cikin shekara 5. San Francisco ta bi sahu a 2011 da ma'aikata 23,000, a shekarar da Microsoft ya fito da Office 365, hajarsa ta gajimare.

Har kotu aka je. A 2010 Google ya maka Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka ƙara, saboda ta rubuta tallar kwangilar imel ɗinta yadda hajar Microsoft kaɗai za ta iya shiga. Alƙali ya dakatar da kwangilar, aka sake lale, kuma a 2012 aikin ya faɗa hannun masu sayar da hajar Google. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin bayar da kwangila ya san wannan dabara, ta a ɗinka sharuɗɗa daidai jikin wanda ake so ya ci.

Inda 'yan sanda suka ja daga

A Los Angeles an sa ranar kammala ƙaura a ƙarshen Yunin 2010. Ranar ta zo ta wuce. Ma'aikatan sassa da dama na birnin, kusan mutum 17,000, sun koma Gmail suna aikinsu. Amma rundunar 'yan sandan birnin da sauran masu hulɗa da bayanan laifuka, kusan mutum 13,000, suka ce ba za su motsa ba.

Ba taurin kai ba ne. 'Yan sanda a Amurka suna amfani da rumbun bayanan masu laifi na hukumar FBI, kuma duk mai son taɓa wannan rumbu sai ya bi wasu ƙa'idoji masu tsauri. Daga ciki akwai cewa duk mutumin da hannunsa zai iya kaiwa ga bayanan, ko da injiniyan da ke gyaran injin ne, sai an ɗauki hoton yatsunsa an binciki tarihinsa. A tsohon ɗakin nan mai sanyi wannan ba wani abu ba ne, domin masu shiga ɗakin ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Amma kamfani irin Google yana da injiniyoyi a ƙasashe da dama, suna karɓa-karɓa wajen kula da injinan da ke ɗauke da saƙonnin miliyoyin mutane a haɗe. Wa za a tantance, wa za a bari? Google ya yi alkawarin keɓe wa gwamnati wani ɓangare na daban a cikin Amurka, ya kuma buɗe shi a 2010, amma bai gamsar da 'yan sandan ba. Kamfanin ya yi ƙorafin cewa an ɓullo da sharuɗɗan ne bayan an sa hannu. Jami'an birnin kuwa suna ganin ɗan kwangila ne ya yi alkawarin abin da bai iya cikawa ba.

A Disambar 2011 majalisar birnin ta haƙura, ta cire 'yan sanda daga shirin. Aka rage kuɗin kwangilar, Google kuma ya ɗauki nauyin biyan kuɗin ci gaba da riƙe GroupWise ga waɗanda suka rage, har zuwa dala 350,000 a shekara. Birnin da ya tashi rufe tsohon tsari don ya huta sai ya wayi gari da tsari biyu, ma'aikacin wannan sashe yana Gmail, na wancan yana GroupWise, ana fama da haɗa kalandar taro.

Wanda ya dubi lamarin da idon basira zai ga laifin ba na manhajar ba ne. Ta yi aikin da aka ce za ta yi. Kuskuren yana cikin zaman da aka yi kafin ƙuri'a, inda aka ɓata lokaci kan nawa za a rage, ba a tsaya an tantance ba wane irin takardu birnin ke riƙe da su, da wace doka ke kan kowanne. Ƙaramar hukuma ba kanti ba ce. A cikin fayilolinta akwai rahoton ɗan sanda, da takardar asibiti, da sunayen yaran da aka karɓe daga hannun iyayensu, da bayanin wanda ya kasa biyan haraji, da taswirar bututun ruwa. A shekarun da suka biyo baya Microsoft da Google da Amazon duk sun gina ɓangarori na musamman don gwamnati, da ma'aikatan da aka tantance, kuma yau rundunonin 'yan sanda da yawa a Amurka suna kan gajimare. Sai dai Los Angeles ce ta biya kuɗin makarantar.

Abin da Baltimore ta gani

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjar da ba a ture ta da sauƙi, kuma Baltimore ce hujjar. A watan Mayun 2019 'yan kutse suka saka wa kwamfutocin birnin wata muguwar manhaja mai suna RobbinHood, ta kulle fayiloli, suka nemi kuɗin fansa na bitkoyin 13, kimanin dala 76,000 a lokacin. Magajin gari Bernard Young ya ce ba zai biya ba. Imel ɗin birnin ya mutu na makonni. Cinikin gidaje ya tsaya cik saboda ba a iya duba ko akwai bashi a kan gida, takardun kuɗin ruwa suka daina fita. An ƙiyasta asarar da kuɗin gyara a kan dala miliyan 18.

Akwai wani ɗan abin dariya a tsakiyar wannan masifa. Da imel ya ɗauke, jami'an birnin suka ruga suka buɗe adireshin Gmail na kyauta don aiki ya ci gaba. Na'urar tsaron Google ta ga an buɗe adireshi masu yawa daga wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, ta ɗauka 'yan damfara ne, ta rufe su. Sai da aka yi magana kafin a buɗe.

Atlanta ta sha irin wannan a 2018, haka ma ƙaramar hukumar Hackney da ke Landan a 2020. A Maris 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a manhajar Exchange ta Microsoft, irin wadda hukumomi ke ɗorawa a injinan kansu, kuma kafin a toshe ta 'yan kutse sun shiga dubban ofisoshi a Amurka, ciki har da na ƙananan garuruwa da makarantu. Waɗanda imel ɗinsu ke zaune a cibiyar Microsoft abin bai taɓa su ba. Dalilin a fili yake. Ƙaramin gari mai injiniya biyu, ɗaya ma yana hutu, ba zai iya gogayya da kamfanin da ke da dubban masu gadin bayanai ba.

Amma babban gida ma ɓarawo na shiga. A 2023 wasu 'yan kutse da aka danganta da ƙasar Sin suka samu wani makullin sirri na Microsoft, suka karanta saƙonnin manyan jami'an Amurka, har da na sakatariyar kasuwanci Gina Raimondo. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce a 2024 abu ne da za a iya kauce masa, ya ɗora laifin a kan sakacin kamfanin. Abin da ya kamata mai sayen kaya ya lura da shi shi ne yadda aka gano kutsen. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ta fara gani, saboda tana biyan lasisi mai tsada wanda ke nuna mata wa ya buɗe wane saƙo da yaushe. Masu ƙaramin lasisi ba su da wannan ido, ko an shiga ba za su sani ba. Sai da aka yi ca a kan Microsoft sannan ya buɗe wa sauran abokan cinikinsa wannan dama ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Kuɗin haya ba ya tsayawa wuri ɗaya

Lasisin nan hawa-hawa ne, kuma a nan kasafin kuɗi ke zurarewa. Akan shigo da hukuma ta ƙaramin mataki, daga baya ta gano tana buƙatar ajiye saƙonni na shekaru saboda dokar 'yancin samun bayanai, ko tana buƙatar ƙarin tsaro, kuma waɗannan suna mataki na sama. Farashin kansa ma yana tafiya. A 2019 Google ya ɗaga ƙaramin lasisinsa na kasuwanci daga dala 5 zuwa 6 a wata, na tsakiya daga 10 zuwa 12. A Maris 2022 Microsoft ya mayar da lasisin Office 365 E3 daga dala 20 zuwa 23, Microsoft 365 E3 kuma daga 32 zuwa 36. Da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, Microsoft ya sa wa Copilot, manhajarsa ta wannan fanni, dala 30 a wata kan kowane mutum, ban da kuɗin lasisin asali. Gwamnatoci sukan samu rangwame a kan waɗannan farashi, amma inda kasuwa ta nufa nan su ma suke bi. Dala 3 a wata ba ta da yawa a baki. A ninka ta da ma'aikata 20,000 da wata 12, ta zama dala 720,000 a shekara, ba tare da an ƙara ko kujera ɗaya a ofis ba.

Sannan akwai lasisin da ake biya wa wanda ya yi ritaya, da wanda ya rasu, da direban da bai taɓa buɗe imel ba, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin tsefe jerin sunayen.

Me ya hana birni tashi idan haya ta yi tsada? Nauyin kaya. Bayan shekara goma, miliyoyin saƙonni da fayiloli sun taru. Akanta ya gina jadawalin albashi a Excel da dabarun da shi kaɗai ya san kansu. Manhajar ba da izinin gini da ta karɓar haraji, waɗanda aka saya daga wasu kamfanoni, an ɗinka su ne su yi aiki da Word da Outlook. Ma'aikata sun saba, kuma ba abin da ma'aikacin gwamnati ya tsana kamar a sauya masa inda maɓalli yake. Kamfanin ya san duk wannan a ranar da aka zo sabunta kwangila. Ko hanyar komawa tsohon tsari tana ƙara tsukewa, domin a Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Office 2016 da Office 2019, irin waɗanda ake saya sau ɗaya a huta. Abin da wasu ƙasashe suka yi shi ne haɗa kai wajen ciniki. A Birtaniya gwamnatin tsakiya ce ke zama da Microsoft ta yanko farashi ɗaya a madadin ma'aikatu da asibitoci da ƙananan hukumomi, don kada kowace ƙaramar hukuma ta je ita kaɗai a yi mata yankan ƙauna.

Birnin Munich na Jamus ya gwada tashi tun kafin zamanin gajimare, kuma labarinsa ya isa littafi. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows ta koma Linux, manhajar da ba ta da mai ita, kowa na iya ɗauka ya gyara. Abin ya girgiza Microsoft har shugabansa Steve Ballmer ya katse hutunsa ya zo ya ga magajin gari Christian Ude da tayin ragi. Ude bai sauya ba. Aikin, wanda aka sa wa suna LiMux, ya ci shekara 10, kuma zuwa ƙarshen 2013 kwamfutoci kusan 15,000 sun koma. Birnin ya ce ya tsira da sama da yuro miliyan 10.

Sai siyasa ta juya. Dieter Reiter ya zama magajin gari a 2014, kuma bai ɓoye cewa ba ya ƙaunar tsarin ba. Ma'aikata na kukan takardun da ake aiko musu daga wasu hukumomi ba sa buɗewa daidai. A 2016 Microsoft ya kawo hedikwatarsa ta Jamus cikin Munich daga wani gari da ke gefe, abin da ya ba masu zargi abin faɗa, ko da yake hukumomin birnin sun musanta cewa akwai alaƙa. Masu binciken da birnin ya ɗauko sun nuna cewa babbar matsalar ita ce yadda aka warwatsa harkar kwamfuta a sassa da yawa, kowa na yin gaban kansa. Duk da haka a Nuwamban 2017 majalisa ta amince a koma Windows, a kan kuɗi kusan yuro miliyan 49. A 2020 sabon ƙawancen jam'iyyu ya hau, ya ce zai riƙa fifita manhajar da ba ta da mai ita a duk inda ya yiwu. Ma'aikacin da ya fara aiki a 2003 ya ga an tafi, an dawo, an kuma fara maganar sake tafiya, duk da kuɗin masu biyan haraji.

Dokar wa ke kan takardun?

Abin da ya sake tayar da maganar a Turai ba kuɗi kaɗai ba ne. A 2013 masu bincike a Amurka suka nemi Microsoft ya ba su wasu saƙonni da ke ajiye a cibiyarsa ta Dublin a ƙasar Ailan. Kamfanin ya ƙi, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli. Kafin a yanke hukunci, majalisar Amurka ta yi wata doka a 2018 da ta ce kamfanin Amurka dole ya miƙa bayanan da ke ƙarƙashin ikonsa idan an zo da sammacin da ya dace, ko a wace ƙasa injin yake. Ma'ana, ajiye takardun birni a Frankfurt ko Paris bai fitar da su daga hannun dokar Amurka ba, muddin mai injin ɗan can ne.

A Yunin 2025 wani kwamitin Majalisar Dattawan Faransa da ke binciken yadda gwamnati ke sayen kaya ya gayyaci Anton Carniaux, babban jami'in shari'a na Microsoft a ƙasar. Aka tambaye shi, bayan ya yi rantsuwa, ko zai iya ba da tabbacin cewa ba za a taɓa miƙa bayanan Faransawa ga hukumomin Amurka ba sai da yardar Faransa. Ya ce ba zai iya ba, ko da yake ya ƙara da cewa hakan bai taɓa faruwa ba.

A Danmak, hukumar kare bayanai ta hana ƙaramar hukumar Helsingør amfani da Google Workspace a makarantunta a 2022, saboda ba ta iya nuna inda bayanan yara ke zuwa ba, aka daɗe ana kai-komo kafin a daidaita. A 2025 manyan biranen ƙasar biyu, Copenhagen da Aarhus, suka ce za su rage dogaro da Microsoft. Birnin Lyon na Faransa ya sanar da barin Microsoft Office a shekarar. Jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta yi nisa sosai: tun 2024 take mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice, manhajar ofis da ba ta da mai ita, kuma a 2025 ta kwashe akwatunan imel sama da 40,000 daga Microsoft. Ba a yi abin cikin ruwan sanyi ba, alƙalai da 'yan sanda sun yi kukan saƙonni na makalewa a lokacin ƙaurar. Tarayyar Turai kuma ta yi dokar da ta fara aiki a Satumban 2025, wadda ta tilasta wa kamfanonin gajimare sauƙaƙa wa abokin ciniki tashi, kuma daga farkon 2027 ba za su karɓi kuɗin sallama ba.

Maganar tana tafe zuwa ga ƙananan hukumomi 774 na Najeriya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya, amma duk inda kuɗi ya doshi sakatariya, dillalan manhaja na biye da shi. Akwai dokoki a ƙasa: hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta fitar da manufar gajimare a 2019, ƙa'idojinta tun na 2013 sun ce a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, an kuma sa hannu a Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023. Gwamnatin tarayya tana da kamfaninta, Galaxy Backbone, mai cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano. Manyan cibiyoyin da Microsoft da Amazon da Google suka gina a Afirka kudu da Sahara kuwa suna Afirka ta Kudu ne.

A gaskiya sakatariyoyi da yawa sun riga sun hau gajimare ba tare da kwangila ba. Wasiƙar hukuma tana yawo a WhatsApp, jadawalin albashi yana cikin Gmail ɗin wani jami'i na kansa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi a aljihu. Idan aka kwatanta da wannan, adireshin hukuma da shugaban ma'aikata zai iya buɗewa ya rufe ci gaba ne babba.

Sai dai akwai abubuwan da Los Angeles ba ta yi fama da su ba. Akwai wuta, akwai layin intanet. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna a Najeriya suka rikice, hajojin Microsoft ma suka yi ta tangal-tangal a yankin. Sannan akwai dala. A ɗauki ƙaramar hukuma mai ma'aikata 1,000 a kan lasisin dala 6 a wata, wato dala 72,000 a shekara. A watan Mayun 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin ya kama naira miliyan 33. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, lasisin nan dai, ba a ƙara masa komai ba, ya haura naira miliyan 108. Ko dillali ya rubuta takardar kuɗi da naira, lissafinsa da dala yake yi.

Hukumar da ta saba bin ma'aikata bashin albashin wata uku, ta kuma jinkirta wa ɗan kwangila kuɗinsa sai an ga hali, za ta tarar wannan mai bin bashin ba ya zuwa gaisuwa gidan ciyaman. Tsohuwar kwamfutar da aka saya tana aiki ko an biya ko ba a biya ba. Lasisin haya kuwa, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba, akwatunan ma'aikata kan rufe. Sharuɗɗan Microsoft sun ce zai riƙe bayanan abokin ciniki na kwana 90 bayan ƙarewar yarjejeniya don ya samu ya kwashe kayansa, daga nan ya goge su.